Takardar kira daga biro a Amurka

Ƴan uwa manoma da makiyaya, babu garin da ba shi da ɗan bida. A da ana zuwa Abijan, Kumasi, Legas ko Libiya. Yanzu akwai waɗanda suka kai Amurka, a birnin Niyok da Girinsboro. Kuɗin da suke aikowa ya sha cika rumbu a shekarar da damina ba ta yi kyau ba. Amma yawancinmu ba mu san irin zaman da suke yi can ba.

Ga labarin wani gida a ƙasar Adar. Tsohuwa tana da ɗiya maza biyu a Niyok. Babban ya daɗe can, yana tuƙin takasi, ya samu takardar zama ɗan ƙasa. Ƙaramin ya bi shi a 2023. Bai samu biza ba, sai ya bi ta Nikaraguwa da Meziko, ya ƙetare iyaka da ƙafa. Masu tsaron iyaka suka kama shi, suka ɗauki hoton yatsunsa, suka sake shi da wata takarda cikin ingilishi. Bai iya karanta ta ba. Ya naɗe ta ya sa cikin jaka.

Ya samu aikin kai abinci gida-gida a kan keke. Daga baya ya auri wata ƴar ƙasar, auren gaskiya, suna zaune ɗaki ɗaya. Matar ta cika takardun nema masa izinin zama. Bayan watanni sai ga amsa: ana kiran su biyu su zo biro ranar kaza, za a yi musu tambayoyi.

Da labari ya iso gida ta talho, tsohuwa ta yi guɗa. Ta ce: «Ka tafi da wuri, ka sa tufa mai kyau. Ai wanka ɗan ƙasa ne, wa zai taɓa ka?»

A nan tsohuwa ta yi kuskure, kuma ba laifinta ba ne. A wurinmu in mutum yana da wa a gari, ya samu masauki da mai tsaya masa gaban maigari. Dokar Amurka ba ta san wannan ba. Ɗan ƙasa yana iya nema wa ƙanensa izini, amma layin ƴan uwa ya fi shekara 15, kuma cikin jiran nan takardar ba ta kare kowa daga kamu. Miji da mata su ne ba su bin dogon layi. Su ma sai an duba yadda mutum ya shiga ƙasar.

Wanda ya shiga da biza, ta ƙofa, ko da kwanakinsa sun wuce, yana iya gyara zamansa a can in ya auri ƴar ƙasa. Wanda ya ƙetare iyaka ba ta ƙofa ba, galibi sai ya fita, ya je ambasadar Amurka a ƙasarsu. To akwai dokar 1996. Wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180, in ya fita, ba ya komawa sai bayan shekara 3. In zaman ya kai shekara ɗaya, sai bayan shekara 10. Tun 2013 ana iya roƙon afuwa kafin a fita, amma sai an nuna cewa matar za ta shiga matsananciyar wahala in babu shi. A watan Disamba na 2025 kuma Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofar biza. Hanyar ta ƙara ƙunci.

Babban ya ga abubuwa da yawa a takasi. Ya ce wa ƙanensa:

«Ina takardar da aka ba ka a iyaka?»

«Yaya, tana cikin jaka. Ai ba ta da amfani.»

«Ɗauko ta.»

Wasu abokai suka ce a kai ta wurin wani mai cika takardu a unguwa, kuɗinsa da sauƙi. Babban ya ƙi. Irin waɗannan mutane kamar mai rubuta wasiƙa ne a bakin kasuwa: ya iya rubutu, amma bai san doka ba, kuma ran da abu ya ɓaci ba a ganin shi. Suka tafi wurin lauya.

Lauya ya duba lambar da ke kan takardar, ya bincika. Ashe sammaci ne na zuwa gaban alƙali. Ranar ta wuce tuni. Da alƙali bai gan shi ba, sai ya yanke hukuncin a fitar da shi daga ƙasa. Wasiƙar hukuncin ta tafi tsohon gidan da ya bari. Yaro ya fi shekara yana yawo da hukunci a kansa bai sani ba.

Lauya ya ce ga haɗarin. Biron da ke yin tambayoyi da ƴan sandan da ke kamu, waɗanda ake kira ICE, duk ƙarƙashin ma'aikata ɗaya suke. A 2018, a yankin Boston, an kama mutanen da suka zo tambayoyin aure. Da magana ta je shari'a, aka ga wasiƙun da ke nuna ma'aikatan biyu suna shirya lokaci tare. A Nuwamba na 2025, a Sandiyego, an kama har da waɗanda suka shiga da biza, kwanakinsu ne kawai suka wuce. Mai hukunci a kansa kuwa ana iya tsare shi nan take, a sa shi jirgi ba tare da ya sake ganin alƙali ba.

Ƙaramin ya ce: «To in na ce ban taɓa samun wata takarda ba fa?»

Lauya ya girgiza kai. Hoton yatsu yana cikin na'ura. Kafin a fara tambaya ana rantsar da mutum. Wanda aka kama da ƙarya ana iya rufe masa ƙofa har abada. Auren ƙarya kuma yana jawo kaso har shekara 5 da tara har dala 250.000, dalar Amurka, ba tamu ta tamma biyar ba. Ya ƙara da cewa kada su kuskura su tafi da ɗan garinsu marar takardu don rakiya ko tafinta. A bakin ƙofa ana tambayar kowa kartidantite.

Ƙin zuwa ma ba mafita ba ne. In ba su je ba, ba su kuma ba da hanzari ba, za a ce sun bar neman, a rufe takardun, kuɗin da aka biya ya tafi.

Sai lauya ya roƙi biro a ɗaga ranar. Ya kuma rubuta wa alƙali yana roƙon a sake buɗe shari'ar. Ya faɗa musu a fili: alƙali yana iya yarda, yana iya ƙi, domin yaro bai sanar da sabon gidansa ba.

Abin da ya fi wa babban wuya shi ne kiran gida. Tsohuwa ta ce: «An kira shi ku kuka hana shi zuwa?» Ya yi ta bayani, ba ta gamsu ba, sai da wani jikanta mai zuwa lakwal ya sake yi mata dalla-dalla. Ta yi shiru, sa'annan ta tambayi ko yana cin abinci.

Kuɗin lauya ya cinye abin da aka saba aikowa. A daminar nan gidan bai sayi takin zamani ba, kuma sun sayar da rago biyu don biyan ƴan ƙwadago. Amsar alƙali ba ta zo ba tukuna.