Sa'a Ɗaya Ko Sa'a Biyu: Gardamar Wa Da Ƙane A Kan Wani Tsohon Wasan Kwamfuta

A unguwar Sabo ta birnin Ibadan akwai wani akawu ɗan shekara arba'in da 'yan kai, wanda ya yi wata uku cur ba ya magana da wansa uwa ɗaya uba ɗaya. Idan aka gaya wa mai karatu abin da ya haɗa su, zai fara yin dariya kafin ya yi ta'ajibi, domin kuwa wani tsohon wasan kwamfuta ne mai suna Prince of Persia, watau Yariman Farisa, wanda kowannensu ya buga yana yaro, ya kuma yi imani har zuci ya san shi ciki da bai.

Mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, yana da shagon buga takardu a bakin titi, inda mutanen unguwa ke kawo wasiƙun neman aiki da takardun koke da yarjejeniyar haya. A shekarar 1997 ya jingine tafireta ya sayi kwamfuta ta hannu mai aiki da tsarin DOS, ashe wanda ya sayar masa ya bar wasan nan a cikinta. Ƙanen, wanda shi ne yaron shago, shi ya gano shi. Tun daga ran nan, da zarar an yi sallar isha'i an rufe ƙofa, in dai akwai wuta, sai ya zauna gaban na'urar har mahaifin ya leƙo ya kore shi. Shi kuwa wan ba ya nan a lokacin, saboda tun yana ƙarami aka ba da shi riƙo wurin kawunsu a Agege ta Ikko, sai hutun makaranta yake zuwa gida kamar baƙo.

Labarin wasan bai fi a faɗe shi cikin numfashi ɗaya ba, kuma wanda ya taɓa sauraron Dare Dubu Da Ɗaya zai ji ƙamshinsa. Sarkin Farisa ya tafi yaƙi, mugun wazirinsa Jafaru ya kama mulki, ya ce wa gimbiya ko ta aure shi ko ta mutu, ya kife agogon rairayi ya ba ta sa'a ɗaya ta yi shawara. Saurayin da take so kuwa an jefa shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Aikin mai wasa shi ne ya fito da saurayin nan cikin minti 60, ya ratsa zango 12, yana tsallake ramuka masu tsinin ƙarfe da ƙofofi masu datse mutum biyu, yana kuma karawa da dogarai da takobi. In ya mutu ya koma farkon zangon, amma agogo ba ya komawa baya. Yaron shagon nan ya yi shekara uku yana fama, bai taɓa kaiwa ga gimbiya ba.

Bayan rasuwar mahaifin, dangi suka taru don kwashe kayan shago. A ƙarƙashin kanta aka jawo wani kwali cike da ƙananan faya-fayan nan masu kusurwa huɗu da ake kira fulofi, ɗaya daga ciki an rubuta masa sunan wasan da hannun yaro. Ƙanen ya ɗaga shi yana murmushi, ya shiga ba yaran gida labarin sa'a ɗayar da ta hana shi barci. Sai wan ya ce, “Ai sa'a biyu ce, ba ɗaya ba. Zango ashirin ne kuma, ga kiɗa mai daɗi tun daga farko har ƙarshe. Na ƙure shi a gidan Kawu.” Ƙanen ya ce babu wani kiɗa sai ɗan ƙarar tsiit-tsiit, sa'a kuwa ɗaya ce tal. Magana ta yi tsawo, har bakinsa ya suɓuce a gaban matansu da 'ya'yansu ya ce, “Yaya, wannan ƙarya ce. Kai da ba a gidan nan ka tashi ba, ina ka san shi?” Magana zarar bunu ce. Wan bai ce uffan ba, ya sa hularsa, ya kama hanyar Ikko a daren.

Mutumin namu akawu ne, ya saba kashe gardama da takarda, saboda haka ya ƙudura sai ya kawo shaida. Fayafayan dai duk sun mutu, danshi da tsatsa sun cinye su. Amma tsofaffin wasanni ba su ɓace ba. Tun 2002 akwai wata manhaja mai suna DOSBox da ke sa kwamfutar yau ta kwaikwayi ta jiya, kuma a watan Janairu na 2015 ma'ajiyar nan ta Internet Archive da ke Amurka ta buɗe wa jama'a wasannin DOS kusan 2,400. Nan ya sami nasa, bugun 1990. Ga saurayin da fararen kaya, kai ba hula, ga jiniyoyin wuta a jikin bangon dutse, ga rubutu a ƙasa yana cewa saura minti 60. Har ya tuna da ɗakin kwalaben magani masu haruffa da ke bayan zango na farko, inda ake tambayar harafin farko na wata kalma daga littafin da ake sayar da wasan tare da shi, dabarar da kamfanin ya yi don hana satar fasaha. Ya ɗauki hoton fuskar kwamfutar, ya yi niyyar aika wa wansa ba tare da ko gaisuwa ba.

Abin da ya tsayar da hannunsa shi ne shekarar. Ya daɗe yana kiran wannan bugu na asali, sai ga shi ya tarar kwafi ne. Na asalin ya fito ne a watan Oktoba na 1989 a kan na'urar Apple II, wadda bai taɓa gani da idonsa ba. Wani matashi Ba'amurke mai suna Jordan Mechner ne ya ƙirƙire shi, kamfanin Broderbund ya buga. Tun a 1985 Mechner ya ɗauki ƙanensa David a bidiyo sanye da fararen kaya yana gudu yana tsalle yana hawa katanga, sa'an nan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zana su cikin na'ura. Wannan shi ne sirrin da ya sa tafiyar yariman ta yi kama da ta mutum mai rai a zamanin da sauran wasanni ke motsi kamar 'yar tsana. Karawar takobin kuwa daga wani fim ɗin Robin Hood na 1938 ya kwaikwayo ta, mahaifinsa Francis kuma shi ya tsara ɗan kiɗan da ke ciki. Da akawun ya kunna wannan bugu, sai ya ga launuka 'yan kaɗan, hoto mai kaushi, sauti kamar na gyare. Bugun DOS da ya sani, mai iya nuna launi 256, ashe gyaran fuska ne aka yi wa wannan.

Daga nan son sani ya rinjayi son cin gardama, ya shiga bin sauran bugu ɗaya ɗaya. Ya tarar Japanawa sun sake zana yariman a bugunsu na 1990, suka naɗa masa rawani suka sa masa 'yar shara, kuma da irin wannan shiga ya fito a na'urar Macintosh a 1992, inda zanen ya fi kowanne tsabta a lokacin. Akwai na Game Boy wanda ba shi da launi ko kaɗan, akwai na Sega. Kowace na'ura ta karɓi labarin Jafaru da gimbiya, ta ɗinka masa riga daidai ƙarfinta. Wata ta ƙara, wata ta rage, amma suna ɗaya ne a jikin kwalin kowacce.

A dare na huɗu ya kai ga bugun Super Nintendo na 1992, wanda wani kamfanin Japan ya sake ginawa tun daga tushe, kamfanin Konami kuma ya sayar a Amurka da Turai. Wasa na buɗewa kiɗa ya tashi, bai kuwa tsaya ba. Ya dubi ƙasa, ya ga an rubuta saura minti 120. Ya bincika yawan zangon, ya tarar 20 ne cif. Ya yi shiru ya daɗe, sa'an nan ya tuna da baƙar talabijin ɗin ɗakin kawunsu a Agege da na'urar wasan da 'ya'yan kawun ke jona mata. Duk abin da wansa ya faɗa gaskiya ne, babu ƙari ko na kalma ɗaya. Shi ma kuma duk abin da ya faɗa game da wasan gaskiya ne. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Da yake ya riga ya shiga, sai ya tsaya ya auna su da idon basira. Na Super Nintendo ya fi ƙawa nesa ba kusa ba, yana da ɗakuna iri-iri da abokan gaba masu yawa, wanda ya fara da shi kuwa dole ya ga na DOS kamar kango. Amma sa'a biyu tana ba mai wasa sarari, alhali kuwa a na DOS ƙuncin lokacin da shirun kurkukun su ne gishirin abin, domin mutum ba ya jin komai sai takun ƙafarsa da ƙarar ƙofa tana saukowa. Ya ga cewa har yanzu nasa ya fi so, ya kuma gane dalilin ba ya rasa nasaba da ƙamshin tawadar shagon mahaifinsa. Wanda mutum ya fara cin karo da shi, shi yake ɗauka na gaskiya, sauran duk jabu.

Akwai kuma wani tsohon bashi tsakaninsa da wasan. A zango na 4 yariman yana tsallakawa ta cikin wani madubi, sai inuwarsa ta rabu da shi ta gudu, ta yi ta yi masa ɓarna a zangunan gaba, har su yi gaba da gaba a zango na 12. Nan ne yaron shagon ya riƙa mutuwa a da, domin duk saran da ya kai wa inuwar a jikinsa yake ji, in ya kashe ta kuwa shi ma ya faɗi. Yanzu ne ya karanta asalinta. Na'urar Apple II ɗin da aka yi wasan dominta ƙwaƙwalwarta kilobayit 128 ce kacal, zanen yariman ya cinye kusan duka, babu wurin zana abokin gaba. Sai Mechner ya ɗauki hoton yariman da kansa ya jirkita shi da wata dabarar lissafi, inuwar ta fito ba tare da ta ci wani wuri ba. Talaucin na'ura ne ya haifi abin da ya fi komai tsayawa a ran masu wasan. Maganinta kuwa mai sauƙi ne: mutum ya mayar da takobinsa kube, ya nufe ta, su haɗe su koma mutum ɗaya. Ran nan ya gwada, ya wuce, ya kayar da Jafaru, ya kai ga gimbiya, bayan shekara ashirin da 'yan kai.

Wani abu da ya karanta ya ƙara sanyaya masa jiki. Shi kansa Mechner ya yi shekaru yana neman ainihin rubutun wasan bai gani ba, sai a 2012 mahaifinsa ya tsinci wani kwali a cikin kabad ya aika masa, aka sami masana suka ceto abin da ke cikin fayafayan, aka kuma baje shi ga duniya a watan Afrilu na shekarar. Kwalin shagon Sabo bai yi wannan sa'ar ba. Wasiƙun da mahaifinsu ya buga wa mutanen unguwa shekara da shekaru sun tafi ke nan, domin wasa yana da dubban masu ajiye shi, takardun talaka kuwa ba su da kowa. Abin da ya rage na tsohon yanzu yana cikin kan 'ya'yansa biyu ne, ɗaya ya san shi a shago kullum, ɗaya ya san shi uba mai zuwa Agege da tsaraba. Ya ga cewa in ya ƙaryata wansa, rabin mahaifinsa ne ya jefar.

Zumunta a ƙafa take. Ranar Asabar ya shiga mota ya nufi Ikko da kwamfutarsa a jaka. Ya tarar da wan zaune a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe shi, aka amsa masa a daƙile. Bai yi dogon bayani ba, sai ya buɗe na'urar ya kunna bugun Super Nintendo ya ajiye a gabansa. Kiɗan na tashi wan ya gyara zama. Ƙanen ya ce, “Yaya, sa'a biyu ce, zango ashirin ne. Ni ne ban sani ba. Maganar da na faɗa kuma ta gida, ka yafe mini, don Allah.” Wan ya daɗe yana kallon yariman, sa'an nan ya ce, “Tashi, ya wuce. To, naka ɗin mai sa'a ɗaya, yana ciki? Nuna mini in ga abin da kake yi a shagon Baba da ba na nan.”

Suka shiga ɗaki, yara suka kewaye su suna dariyar irin hotunan da iyayensu suka yi faɗa a kai. Aka kunna na DOS, wan ya karɓi madannan, bai yi minti biyu ba ya faɗa ramin tsini. Ya ce a sake. Har aka kira sallar magariba bai fita daga zango na farko ba, ƙanen kuwa yana gefe yana ba shi labarin yadda mahaifinsu ke leƙowa da tocila ya ce kuɗin wuta ba daga sama yake faɗowa ba.