Yatsa biyu sun isa a fara gita

Mu da muka fara koyon gita da girmanmu mun san inda ake ajiye ta: ranar da aka kai ga Fa. Yatsa guda ya kwanta bisa tsirkiya shida gaba ɗaya, hannu na rawa, sautin kuma ya fito a shaƙe. Samari da yawa a fada daga nan suke rataye ta a bango, suna cewa ba su da baiwa.

To wa ya ce da Fa ake farawa? Mi minar yatsa biyu ne kawai, a gida na biyu, bisa tsirkiya ta biyar da ta huɗu. La minar yatsa uku. Da waɗannan biyu mutum ya isa ya raka waƙa a zaman shayi. Ku saurari Bombino na Agadas, ko Les Filles de Illighadad: sau da yawa waƙa na zaune bisa akor ɗaya ko biyu har ta ƙare, aikin duk yana hannun da ke kaɗawa. Kunnenmu ya san wannan tun daga gurmi da molo. Mdou Moctar ma, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko.

Abin da ya fi ruɗa mu shi ne sunaye. A lekol Do, Re, Mi muka ji, amma bidiyon YouTube da muke saukewa in an samu megas, da yawa na masu Ingilishi ne, haruffa suke rubutawa. A shi ne La, C shi ne Do, E shi ne Mi, G kuma Sol; ƙaramin "m" a gefe na nufin minar. Mu dai a takarda muka rubuta su, muka manna a bayan gita.

Sai ciwon yatsu. Makonnin farko tsirkiyar ƙarfe na cizo wallahi, balle da hunturu in fata ta bushe ta tsage. Icen ma bushewa yake, sai an yi ta gyara sauti. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi, har kanta ta fito. Tsohuwar gitar da tsirkiyarta ta yi nisa da wuya kuwa, a kai ta wajen mai gyara tukuna, don ita ce ke sa Fa ta gagara.