Dutsen Afi Da Jemagensa Mai Manyan Kunnuwa

Wanda ya tashi daga Ikom ya kama hanyar Obudu a Jihar Kuros Riba, ba zai daɗe ba sai ya shiga ƙasar Boki, inda gonakin koko da ayaba suka rufe hanya dama da hagu. Daga nan ne ake hangen Dutsen Afi, wanda tsayinsa ya kai wajen mita 1,300, hazo kwance a kansa. A shekarar 2000 aka keɓe kurmin dutsen don kare namun daji. Yawancin baƙi goggon biri suke zuwa nema, amma ni jemage ya kai ni, abin da ya ba abokan tafiyata dariya ƙwarai.

Mu dai a wurinmu jemage jemage ne, mai ɓarnar mangwaro da kashi a masallaci. Alhali kuwa masana sun ƙidaya irinsa fiye da 1,400 a duniya, kimanin 100 daga ciki a Nijeriya. Da yawansu ba ruwansu da 'ya'yan itace, ƙwari kaɗai suke ci. Irin waɗannan sukan yi ƙara siririya wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji, su saurari amsa-kuwwarta, da haka suke gane inda ƙwaro yake cikin duhu. Saboda haka kunne shi ne jarinsu. A Turai akwai wani wanda kunnuwansa sun kusa tsawon jikinsa, har in zai yi barci sai ya naɗe su ƙarƙashin fikafikai.

Na Dutsen Afi ƙarami ne, mai gajeren wutsiya da manyan kunnuwa, da wata fata kamar ganye a hanci. An san shi a Kamaru da Ikwatoriyal Gini, sa'an nan aka yi shekara 45 ba wanda ya sake ganinsa, sai a 2016 da wata masaniya 'yar Nijeriya, Iroro Tanshi, ta same shi a wannan kurmi. Ba a daɗe da wannan murna ba gobarar daji ta ci wani yanki na kurmin.

To, a nan gizo ke saƙa. Da rani manomi kan cinna wa gonarsa wuta don sharar gona, iska ta ɗauke ta zuwa dutse, hayaƙi ya shiga kogunan da jemagun ke kwana. Ga kuma mafarauta masu shiga kogo neman manyan jemagu don miya, su tarwatsa ƙananan. Ban ga laifin manomin ba sosai, domin ba shi da tarakta. Amma wutar nan ba ta tambayar gonar wa ta tarar, kokon maƙwabci ma ci take yi.

Wannan hujja ce ta sa mutanen ƙauyukan suka saurari malamar da ƙungiyarta. Aka shirya yadda za a riƙa duba yanayi ana sanar da ranakun da bai kamata a sa wuta ba, aka kuma horar da masu kashe gobara daga cikin 'yan gari. A 2021 aka ba ta lambar yabo ta Whitley a kan wannan aiki.

Jemagen kansa ban gan shi ba, kuma ban nemi a kai ni kogonsa ba, tun da yawan baƙi na cikin abin da ke korarsa. Na dai tsaya gindin dutse da magariba ina kallon ƙananan inuwoyi suna gilmawa bisa gonakin koko, har duhu ya hana ni gani.