Inda Ruwan Dilimi Yake Zuwa

Mai karatu, in kana zaune a Jos, ka taɓa tambaya ina ruwan Dilimi yake tafiya? Ni dai sai da na je Nguru na gane. Ruwan nan yakan gangara cikin Kogin Jama'are, ya gamu da Kogin Haɗeja kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, har Tafkin Chadi.

Tsakanin Haɗeja da Nguru ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai. Ruwan sama kaɗan ne, amma in koguna suka kawo, sai su malale fadamu. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi. Ruwa na janyewa a shuka wake cikin danshi, sa'an nan Fulani su kawo shanu. Da hunturu tsuntsaye sukan zo tun daga Turai. Lalle Ubangiji ya yi wa wurin nan albarka.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, dukansu a saman Kogin Haɗeja. Kano ta sami ruwan sha da noman rani, ba mai musun wannan. Amma fa malalar ta ragu, ruwa ya koma gudu kaɗan-kaɗan, rani da damina. Abin da ciyawar kachalla take so ke nan. Na gan ta, ta fi mutum tsawo, ta toshe hanyoyin ruwa. Wani ƙauye ruwa ya ci gonakinsa, maƙwabcinsa kuwa na kukan fari. A cikinta kuma jan baki suke kwana, da safe su faɗa wa hatsi.

Sai na tuna da makiyayan Ishaku da na Gerar, yadda suka yi jayayya a kan rijiya. A 2006 gwamnonin jihohi shida, har da ta Filato, suka taru a Damaturu, suka kafa asusu domin kula da kogunan nan tare. Abu mai kyau ne, ko da yake takarda ba ta yanke kachalla.

Mutanen gari ne na tarar cikin ruwa har ƙirji, da lauje, suna aikin gayya. Wani dattijo ya tambaye ni daga ina. Na ce Jos.

Ya ce, "To, ɗana, ku ne a bisa. In ka koma, ka gaya wa mutanenku abin da suka zuba a rafi, mu muke sha."