Ɗigon Mai a Hanyar Kumasi

A Tamale na fara ganin ɗigon. Mun fito daga sallar asuba, sai ga tabo a ƙasa daidai ƙarƙashin giyabos, bai kai faɗin tafin hannu ba. Bikin 'yar wani aminin mahaifinmu ne ya ɗauko mu daga Kano, ni da ƙanena. Muka bi ta Illela da Ƙonni da Yamai da Wagadugu, a shekarun da hanyar ke da lafiya, muka shiga Gana ta Paga. Duk wannan nisa tsohuwar Camry ɗinmu ko tari ba ta yi ba.

Bakaniken da muka samu a bakin hanya leƙawa kawai ya yi, ya miƙe ya ce sil ɗin bayan inji ne ya mutu, sai an sauke giyabos. Wannan hali yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a gida ma muna da irinsu: mutum bai taɓa man da yatsa ba, bai shinshina ba, amma ya yanke hukuncin aikin da zai cinye kuɗin guzurinka. Na yi masa godiya, na sayi man giya na ajiye a but, muka lallaɓa ta Kintampo da Techiman muna tsayawa muna duba geji.

Da dare muka shiga Kumasi, muka faɗa wani masauki kusa da kasuwar Kejetia. Fanka tana ƙara ba ta ba da iska, famfo a bushe, ga mashaya a jikin katanga tana kiɗa har gabannin asuba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rashin buta. A Kano, ko masaukin da ya fi kowanne araha ba za ka rasa buta da darduma ba.

Da safe muka nemi gidan Alhaji, aminin mahaifin namu, a Aboabo. Da ya ji inda muka kwana sai ransa ya ɓaci. "Haba 'ya'yana, da gidan ubanku a garin nan za ku kwana a hannun baƙi?" Nan take aka kwaso kayanmu, aka kawo koko mai yaji da ƙosai. Kakanninsu fataken goro ne da suka zauna Salaga, har yaƙin 1892 ya watsa kasuwar, suka gangaro kudu. Hausarsa ta ɗan sha bamban da tamu, amma karamcin na gida ne tsantsa. Da ya ji batun ɗigon, shi da kansa ya shiga gaban mota ya kai mu Suwame.

Na san Ƙofar Ruwa, na san Fantekar Kaduna, kuma ina alfahari da su, amma wurin da ake kira Magazin a Suwame wata duniya ce. Unguwa ce sukutum ta makanikai da maƙera da masu walda da 'yan kayan gyara, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da mai, ƙarar guduma ba ta yankewa.

Mutumin Alhaji wani dattijon Asante ne, yaransa na ce masa Masta, yana jin Hausar zango daidai gwargwado. Bai ɗauki sufana ba. Farin kwali ya sa aka shimfiɗa a ƙarƙashin motar, muka zauna a benci muna hira. Da ɗigon ya sauka ya dangwala, ya murza, ya kai hanci. Ja ne mai duhu. Ya ce da sil ɗin bayan inji ne, baƙin mai za mu gani. Man birki ya fi wannan haske, ruwan lagireto kuwa ba shi da wannan maiƙo, kuma ƙanshinsa zaƙi-zaƙi ne. Saura biyu ke nan, giya ko sitiyari, don a irin wannan mota duka jan mai suke sha. Ya buɗe robar man sitiyari, a cike take.

Sai aka hau rami. Ya kwance wani ɗan murfi da ke ƙasan mahaɗar inji da giyabos, ya haska tocila ciki. A bushe yake ƙayau. Da sil ɗin gaban giyar ne ke yoyo, can ciki zai jiƙe, kuma a nan ne sauke giyabos zai zama dole.

"Alhaji ƙarami," in ji shi, "mai ƙasa yake bi, iska kuma tana tura shi baya. Inda ya ɗiga daban, inda ya fito daban."

Yara suka wanke ƙarƙashin tas da kananzir da omo, aka bari ya bushe. Sai Masta ya aiki yaro ya sayo hodar jarirai, ya barbaɗe jikin giyabos da ita har ya yi fari fat. Aka tayar da inji ya yi zafi, ƙanena ya taka birki yana zagaya giya. Can sai ga wani siririn jan layi yana ratsa hodar. Masta ya bi shi da yatsa zuwa sama, har kan tiyon da ke kai man giya lagireto ya huce. Bakin tiyon ya tsufa ya tsage a ƙarƙashin kilif, man yana tsattsafowa yana bin jikin ƙarfe har ya taru a wurin da ya fi gangare.

Aka sa sabon tiyo da kilif. Ya cika man, ya auna geji inji na aiki, mota a wuri mai daidai, kamar yadda ake auna man giyar otomatik. Abin da na biya bai kai kuɗin wancan mummunan masauki ba, kuma sai da na yi da gaske Alhaji ya bar ni na biya da kaina.

Aka ɗaura aure ranar Lahadi, muka ci shinkafa da wake irin tasu har muka gaji. Alhaji ya cika mana but da goro da doya, muka kamo hanyar da muka zo.