Angsai, inda makiyayi ke gadin damisar da ke cin shanunsa

1/ Jama'a, ku ba ni minti biyu. Ina haɗa aikin aji kan kiwo a tsaunuka, sai na ci karo da Angsai, wata ƙaramar gunduma ta makiyaya 'yan Tibet a yankin Zadoi, lardin Qinghai na ƙasar Sin. Kogin Mekong ta nan yake ratsawa tun yana ƙarami. Tsayin wurin ya kai wajen mita 4,000.

2/ Dabbarsu ita ce yak, wata saniya mai dogon gashi da sanyi bai dame ta ba. Nono, man shanu, nama, gashin saƙa tanti, duk daga jikinta. Itace ya yi ƙaranci a can, don haka busasshen kashinta ne makamashin girki.

3/ Amma kuɗin hannu ba daga shanu yake zuwa ba. Akwai wani abu, yartsa gunbu, ɗan tsiro da ke fitowa daga jikin matacciyar tsutsa a ƙarƙashin ƙasa. Masu maganin gargajiya na Sin na sayensa da tsada sosai. Watan Mayu da Yuni gida kan fita kaf, har yara, ana rarrafe kan tudu ana nema. Shekarar da farashi ya faɗi, kowa ya ji a jikinsa.

4/ To ga inda ya fi ja min hankali. Damisar ƙanƙara da kyarkeci suna kashe musu shanu. Maimakon farauta, sai aka kafa asusun biyan diyya, aka kuma ɗauki mutum ɗaya daga kowane gida aikin gadin daji da albashi. Baƙi masu son ganin damisa a gidan makiyayi suke sauka, shi ne ɗan rakiyarsu, a raba kuɗin da al'umma.

5/ Kar dai a ɗauka aljanna ce. A wannan yanki na Sanjiangyuan, wanda ya zama gandun ƙasa a 2021, an taɓa kwashe dubban makiyaya zuwa gidajen bulo a bakin gari da sunan ceton ciyawa. Mutum ya sayar da garke, ya zauna jiran tallafi. Ni kam ban ga ci gaba a nan ba.

6/ Mu da muka sha gardamar RUGA a 2019, duk maganar ita ce ina za a ajiye Bafulatani. A Angsai an bar mutum a makiyayarsa, an biya shi don ya san dajin fiye da jami'in da aka turo daga birni.