Zanen Sarauniya

Wasu ƙwallo ke ɗauke musu hankali, ni kuwa haɗa kayan wasan kwaikwayo, kuma sai sun fito sak. Bana Sarauniya Mangu ta Lugu na sa gaba, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899. (Turawa na rubuta Sarraounia kamar sunan yanka, alhali sarauta ce.) Ba ta bar hoto ba, sai na koma ga fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso. Ke nan Ai Keita nake kwaikwayo, ita kuma tana kwaikwayon Mangu.

Saƙi ne wahala. Kasuwar Gaya cike take da gwanjo da atamfa. Ka ce saƙi, yaron shago ya miƙo maka yadin kanti. Sai a Kamba na samu wajen wata tsohuwa, jikka takwas, ba ragi.

Layun kuwa wani baduku ya ɗinka mini nan Yelu. Ya ce, "Ɗiyata, mi za a sa ciki?" Na ce kowace takarda. Ya girgiza kai: a bar su fanko, kada wasa ya kira abin da ba a gayyata ba. Fankon na rataya.